Baba Tsatsa da Motar Marigayi Hedimasta

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofa, Baba Tsatsa ya riga ya share rumfarsa. Rumfar kwano ce a tsakar gidansa, jikin katangar da ta raba ni da shi, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, ko na gani da idona ko ya hana ni barcin rana. Zai shimfiɗa buhu, ya jera gudumominsa bakwai daga babba zuwa ƙarama, ya sha shayinsa a tsaye, sannan ya laluba aljihun gaba ya tabbatar abin nan yana ciki: wani ɗan kewayayyen mayen ƙarfe da ya ciro daga sifikar tsohuwar rediyo, ya naɗe a ƙyalle don kada ya karce fenti. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Fanel bita ne, mai gyaran jikin mota, kuma tsatsar da yake farauta ita ta zama sunansa.

Ni direban babbar mota ne, kuma ban iya yabon mutum don ya ji daɗi ba. Amma makon jiya dattijon nan ya ajiye guduma, ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Ga amfanin mayen ƙarfen. Masu aikin gaggawa in sun ga rami a jikin mota, sai su cusa tarkace, su shafe da fila, wannan ƙullun da ke bushewa kamar dutse, su goge, su fesa fenti. Mota ta fito tana ƙyalli, tsatsa na can ƙasa tana cin abinta. Shi Baba sai ya ɗora mayensa ya bi jikin motar a hankali. Inda ƙarfe yake, ya kama. Inda aka yi ƙarya, ya faɗo ƙasa, tim! Dillalan mota in sun hango shi tafe sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri. Wani ya taɓa kawo masa motar ɗaukar ɗalibai a rufe mata ramukan ƙasa kafin a sayar. Baba ya zura ƙafarsa ta ramin har gwiwa, ya ce, "Ƙafar ɗan wa kake so ta bi ta nan?" Mutumin ya ja motarsa ya tafi yana ƙunƙuni. Bayan kwana biyu ya dawo, aka yi aikin gaskiya.

Amma aikinsa na ƙarshe shi ne ya sa na ɗauki biro.

A ƙarshen layinmu akwai Iya, matar marigayi Hedimasta. Mijinta ya bar mata wata tsohuwar mota ruwan madara, mai zagayayyun fitilu da bamba mai ƙyalli, irin wadda yanzu sai a hoto. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye a tsakar gida. Babban ɗanta, Akawu, yana son gina wa Iya ɗaki mai banɗaki a ciki saboda ciwon gwiwa, kuma babu fili sai inda motar take. Ya ce a kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su yanka ta su kwashe. Iya ta ce, "Ka bari a fitar da ni tukuna, sai ka fitar da ita." Auta, ƙanwarsa malamar asibiti, ita ta shiga tsakani. Aka tsaya a kan wata uku: in motar ta fita da ƙafarta, ta samu takardar jami'in duba lafiyar motoci, za a yi mata rumfa a ƙofar gida. In ranar da tifa za ta kawo yashi ta zo ba ta tashi ba, ta 'yan gwangwan ce.

Auta ta zo wajen Baba. Goggo, matarsa, ta ce, "Malam, kai da ko zare ba ka iya zura wa allura?" Ya ce, "Mota za a ɗinke ko riga?" Ya loda kayansa a baro ya tura.

Ranar farko rabin layi mun bi shi kallo. Iya da kanta ta yaye ledar da ke lulluɓe da motar, wata katuwar leda mai kauri, an danne gefenta da duwatsu. Kai jama'a! Kujeru kamar jiya aka ɗinka su, sitiyari na sheƙi. Amma da Baba ya durƙusa ya danna ƙasan ƙofa da babban yatsa, sai yatsan ya shige. Ya girgiza ƙofar, muka ji ƙulum-ƙulum a ciki. Ya leƙa ƙasa, ya ɗauko 'yar wayar ƙarfe ya tsokana wani wuri a ƙasan ƙofar. Wani farin abu ya faɗo, sai ga jan ruwa mai wari ya tsiyayo har kan takalmin Iya.

Baba ya ɗauki farin abin ya murza. Kakin kyandir ne.

Ashe kowace ƙofar mota akwai 'yan ramuka a ƙasanta da aka bari don ruwa ya riƙa fita. Iya ta ga kyankyasai na shiga ta nan, ta narka kyandir ta toshe su duka. Kuma duk mako sai ta wanke motar da bokiti uku, ta lulluɓe ta da leda tun ba ta bushe ba, don kada ƙura ta taɓa ta. Shekara goma sha ɗaya motar na kwana cikin gumi.

Iya ta daɗe tana kallon takalminta. Ta ce, "Ni na toshe. Da hannuna."

Akawu ya buɗe baki. "To kin gani ko, Iya? Tun yaushe nake..."

"Akawu," in ji Baba, "wannan gefen na baya da ya fi ko'ina ƙyalli, wa ya gyara?"

"Ni na kawo mai fenti, shekara huɗu da suka wuce. Ai ka ga aiki."

Baba ya ciro mayensa ya ɗora a wurin. Tim! Ya ɗauka ya matsa gaba. Tim! Ya sa kurfi ya buga sau ɗaya, wani ɓangare kamar faranti ya ɓallo. Ya zura hannu ya fara zaro kaya: tsohuwar jarida, soson ƙarfe, sai ga safa ƙafa ɗaya.

Auta ta ce, "Yaya, wannan ba safarka ba ce da ka ce wanki ya cinye?"

Wallahi har mai kayan miya da ke leƙe ta katanga sai da ya zauna don dariya. Akawu ya ce shi bai san da safa ba, ya dai ce wa mai fenti a yi sauri. Baba bai yi dariya ba. Ya juya ga Iya ya ce, "Iya, ruwanki ya ci ƙofofi, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma na buɗe motocin da aka yasar, na ga ɓeraye sun haihu a kujera, sun cinye waya kaf. Wannan ko waya ɗaya ba a taɓa ba. Ƙarfe kuwa aikina ne. A ba ni inuwa da ruwan sha."

Kai ne, Baba, ka faɗa wa tsohuwa gaskiya ba ka karya mata zuciya ba, ka kuma rufe bakin mai gori ba ka zage shi ba.

Daga nan aka shiga aiki, kuma duk ranar da ba ni kan hanya ina wurin. Ba ya shafa komai a kan tsatsa. Yanka yake yi, ya bi ta har sai ya kai ga farin ƙarfe mai sheƙi, ya ƙara faɗin yatsa guda don kada ta bar iri. Ya ɗora kwali a ramin ya zana, ya yanko sabon ƙarfe daidai da kwalin, ya lanƙwasa shi a kan kututture da guduma har ya ɗauki siffar wurin. Walda kuwa ɗigo-ɗigo yake yi, ɗaya nan, ɗaya can nesa, ya danna jiƙaƙƙen tsumma, ya jira. Na ce, "Baba, ka ja layi ɗaya mana ka huta!" Ya ce, "Direba, in zafi ya taru wuri guda ƙarfe murɗewa yake. Je ka ja lodinka." Da yake ido ya gaza, sai ya shimfiɗa ƙyalle a kan ƙarfen ya bi da tafin hannu, ya ji kumburin da mu masu ido ba mu gani ba. Abin mamaki, hannun nan da ke zubar da shayi, da ya kama guduma sai ya tsaya cak. Bayan walda ya shafa jan fentin kariya ciki da waje, ya tsiyaya mai a cikin ƙofofi. Injin bai ba da wahala ba, don Auta na tayar da shi duk wata. Bakanike ya yi kwana biyu ya gama.

Saura kwana ɗaya tifa ta zo, an fesa fenti, mota ta fito kamar amarya, Baba ya shiga ƙarƙashi don dubawar ƙarshe. Muka ji ƙwanƙwasa: ƙal, ƙal, ƙal, sai kuma bus. Ya leƙo ya gaya mana abin da ya gani. Ƙarfen da ke riƙe da kujerar gaba, gefen mai zaman banza, ya ruɓe ta ciki. Aikin kwana biyu ne, ba yadda za a yi.

Wannan karon Auta ce ta durƙusa. "Baba, don Allah. Ka shafa fila ka bi da baƙin fenti. Wa zai gani? In mun karɓi takarda sai ka gyara."

Ya ce, "'Yata, wa zai zauna a kujerar nan?"

Kowa ya san kujerar Iya ce tun zamanin Hedimasta.

Washegari da hantsi tifa ta iso tana hon, 'yan gwangwan biyu na biye da ita da abin yankansu. Motar na kan jak, ta tare hanya, ƙafafun Baba kaɗai ke leƙowa daga ƙasa, tartsatsin walda na fita. Akawu ya ce, "Baba, alkawari alkawari ne. Fito."

"Ban gama ba."

"Mutanen nan fa sun zo."

"To su fara yanka ta tsakiya, nan nake kwance."

Babban ɗan gwangwan ya leƙa, ya shafa gefen motar, ya ce wa Akawu, "Alhaji, ni dai ban taɓa yanka mota da mutum a ciki ba. Kuma wannan, tsakani da Allah, ko babu mutum hannuna zai yi nauyi." Direban tifa na ihu yana da wani lodin. Iya na zaune a kujerarta ta roba, carbinta kawai ke tafiya.

Akawu ya durƙusa da farar rigarsa ya leƙa. Baba ya kama hannunsa ya ɗora a kan ruɓaɓɓen ƙarfen, ya ce, "Matsa." Ƙarfen ya marmashe a hannunsa kamar busasshen burodi. "Nan uwarka za ta zauna. In rufe maka da safa?"

Akawu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa direban tifa, "Juye a waje." Aka juye yashi a bakin titi, mu maza na layi muka kwashe shi da bokiti da baro zuwa lungun gidan. Gadon bayana bai gode mini ba, amma ban yi nadama ba.

Kwana biyu bayan nan Auta ta ja motar zuwa wajen dubawa, mu shida muka bi a baya. Jami'in wani mai ɗaurarriyar fuska ne, da doguwar sukundireba. Da ya ga shekarun motar sai ya yi murmushin mugunta. Ya shiga ramin dubawa ya fara suka. Ƙal! Ya koma ƙasan ƙofa. Ƙal! Ya je daidai ƙarƙashin kujerar nan ya soka da ƙarfinsa har sau uku. Ƙal, ƙal, ƙal! Ya fito yana share gumi ya ce, "Wa ya yi aikin nan?" Muka nuna Baba, yana gefe yana neman inda ya sa tabaransa, alhali yana kan goshinsa. Jami'in ya buga hatimi, ya ce, "Dattijo, tawa ma na da 'yar matsala a ƙofa." Baba ya ce, "Ka makara, ɗana. Wannan ce ta ƙarshe."

Ranar nan layinmu ya ga abin kallo! Iya a gaba, gilas a sauke, Auta na tuƙi, Baba da Goggo a baya, Akawu a tsakiyarsu ya matse kamar kaya. Sau uku suka zagaya unguwa, hon ɗin nan mai muryar rago na tashi, mata na leƙowa, masu shaguna na tafi. Da suka tsaya Iya ta ƙi fitowa. Ta shafa gaban motar ta ce, "Haka marigayi yake ajiye hularsa a nan." Muka ba ta wuri.

Baba Tsatsa, kai ne mai yanka har sai ka ga fari. Kai ne ka kwanta ƙarƙashin motar da ba taka ba, ka ce a yanka da kai. Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya taɓa zura ƙafa ta ramin da ka ce ka rufe. Mun gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya huta da hannun nan, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu sana'a, da fanel bita da magini da tela da mu direbobi, kowa ya san inda yake cusa safa ya bi da fenti. Ku daina. Ku je ku gai da dattijon nan tun yana ji, ku tambaye shi yadda ake yi.

Iya dai ba ta fasa wanke motarta duk mako ba, wannan ba mai hana ta. Sai dai yanzu ledar ta zama shimfiɗar shanya, motar na shan rana ƙofofi a buɗe. In ta gama, sai ta sa a kawo mata kujera, ta zauna dab da ƙofa, ta ciro 'yar wayar nan da Baba ya bar mata, ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya har sai ta ga ruwa ya ɗigo.