Ranar da Baba Bai Bar Mini Suɗi Ba

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji uku na firamare, Inna ta miƙo mini ƙaramin daro ta ce in je bakin gulbi in ɗebo mata rairayi. Na tsaya ina kallonta. A gidanmu na Argungu an saba aikena ɗebo ruwa, ko kwaso itacen banda, ko kai wa yayyena fura a fadama inda suke korar tsuntsaye daga shinkafa, amma ba a taɓa aikena ɗebo ƙasa ba. Ta ce, "Mai tsabta nika so, wanda ruwa yaw wanke. Kak ki tsaya wasa." Na bi ta gefen lambunan da ake gyarawa don dashen albasa, na gangara inda ruwa ya fara ja da baya ya bar farin rairayi mai sanyi. A nan na ga jirgin Baba ɗaure a turkensa, ruwan sama ya cika shi rabi, har 'yan kwaɗi sun mai da shi gida. Na cika darona na ɗora a kai, na dawo rairayi yana zubo mini a wuya, ban san cewa abincin Baba na ɗauko ba.

Baba masunci ne, Inna kuwa sana'arta banda da suyar kifi. Mun tashi cikin hayaƙi da ƙamshin man gyaɗa, kayanmu na makaranta ma ƙaurin tarwaɗa suke yi, har malaminmu yakan ce ko ido rufe ya san na shigo aji. Ni ce auta, kuma autar gidanmu tana da wani haƙƙi da ba wanda ya isa ya taɓa, wato suɗi. Komai yunwar da Baba ya kwaso daga ruwa, ba ya cinye abin da ke cikin kwanonsa. Sai ya ture 'yar loma gefe, ya ɗora mata tsokar kifi mai kyau, ko jelar da ta soyu ta yi ƙamas, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Auta." Ni kuwa tun da aka kai kwanon ina raɓe a bayan zana, ko da ana tsakiyar carafke ne sai in watsar da duwatsun in taho. Abincin nan daga tukunya ɗaya aka kwaso shi da namu, amma har gobe zan rantse na kwanon Baba ya fi daɗi.

A tsakiyar daminar nan ciwon shawara ya kwantar da shi. Idanunsa suka yi ɗorawa, aka kai shi asibiti ya yi kwanaki, aka sallamo shi da sharaɗi: ba mai, ba kitse, ba soyayyen komai, sai jiki ya dawo. Wannan karon bakin likita da na tsofaffin unguwa ya zo ɗaya, don haka babu wurin kai ƙara. Inna ta kwashe kaskon suyarta ta kai gidan maƙwabta, don kada ƙamshi ya riƙa azabtar da shi. Aka koma dama masa kunu, da fate, da tuwo da miyar da ba ta ga mai ba, da dafaffen kifi fari fat. Mutumin da ya rayu a kan soyayyen kifi, sai ya ɗanɗana ya ture. Warin kifin ma ya koma tayar masa da zuciya. Na taɓa jin yana ce wa Inna, "Komi ruwa-ruwa, komi luguf. Haƙorana sun mance aikinsu."

Suɗina sai ya fara girma. Daga loma ya koma rabin kwano, daga rabi ya koma kwano guda da alamar yatsu biyu a gefe. Da farko na ɗauka garaɓasa ce ta faɗo mini. Amma na lura duk lokacin da na fito da kwanon, Inna takan tare ni ta ɗaga murfin ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar ta ce in je in ci. Damatsan da ke tuƙa jirgi gaba da ruwa suka zama kamar sillen kara. Komarsa ta kamun kifi tana rataye a zaure, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Masu zuwa dubiya sukan yi raha a gabansa, in sun fito tsakar gida sai su rage murya. Ciwon ya tafi, amma kowa ya gane in mutumin nan bai ci abinci ba, yunwa za ta ƙarasa abin da shawara ta fara.

Mafita ta zo ne daga bakin Iya Titi, wata Bayarabiya da ta daɗe zaune a Birnin Kebbi, take zuwa ranar kasuwa sarin kifin banda a wurin Inna. Doguwa ce mai fara'a, Hausar Kabi ta zauna a bakinta daram, ba ta zuwa ba tare da ta ƙunso mini cincin a gefen zane ba. Da ta ji damuwar Inna, sai ta ce ita a tukunya take gasa kek ɗin da take sayarwa: a zuba rairayi a gindin tukunya, a ɗora faranti a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. "Wuta sama, wuta ƙasa, ƙawata. Ba ruwanki da mai, kuma abu shina yin ƙamas." Abin da ya rage shi ne me za a gasa, tunda kifi ba ya shiga, nama kuwa an hana. Inna ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin girki, inda kabewarta ta yaɗu, wadda mu can muke ce wa kabushi. 'Ya'yan duk ɗanyu ne, kore shar, ba su fi damtsena ba.

A wurinmu ba a yanke kabushi ɗanye. Barinsa ake yi ya ƙosa ya yi ja, a jera a kan rufi, a yi ta miyar taushe da shi har rani ya yi nisa. Don haka ranar da na kawo rairayin nan, Inna ta taka turmi ta yanko guda biyu, wata maƙwabciya da ke shanya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Wagga ɓarna hwa? Abu bai nuna ba kin yanke?" Inna ta sauko ta ɗauko wuƙa. Ta yayyanka shi tsaye kamar yatsu, ta barbaɗa gari, ta jera a faranti, ni kuma aka ba ni mafici in riƙa fifita garwashi. Da aka buɗe tukunya, sai ga abu ya narke ya kwanta cikin ruwansa, ya manne da faranti. Ko kusa da zaure, inda Baba ke kwance, ba a kai shi ba. Mu yara muka cinye muna yatsina fuska. Washegari aka sake, aka sake samun haka. Ranar Litinin Inna ta ƙunsa mini ragowar na tafi da shi makaranta, ƙawayena suka buɗe lokacin hutun ƙarfe tara, suka yi ta dariya, har da saka ni a waƙar gaɗa, wai 'yar gidan masu gasa kabushi. Na yi fushi na ƙi shiga gaɗar, amma da yunwa ta ciyo su duk sun miƙo hannu.

Rufin ɗakin girki ya fara yin fili, Baba kuma yana ƙara zubewa. Wata safiya Inna tana barbaɗa wa kifi gishiri kafin ta ɗora a banda, sai na ga ta tsaya tana kallon ruwan da ke tsattsafowa daga jikinsa yana ɗiga ƙasa. Ta wanke hannu ta taka turmi. Wannan karon da ta yayyanka kabushin, gishiri ta fara yayyafa masa, ta baza a faifai ta ajiye a rana. Kafin mu gama wanke-wanke ya yi gumi sharkaf. Ta sa tsumma mai tsabta ta matse kowane yanki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauko ƙanzon tuwon shinkafa da take tarawa a ƙwarya, ta ce in daka shi, kada ya yi laushi sosai. Ta haɗa garin da citta da tafarnuwa da ɗan barkono, ta tsoma yankunan a ƙullu mai ruwa-ruwa, ta mirgina su a ciki. Da ta zo jerawa sai ta bar fili a tsakaninsu, tana cewa, "Kak su taɓa juna, in sun matsu gumi suka yi." Ta kuma sa ɗan tsinke ta tokare murfin don tururi ya sami hanyar fita. Na yi fifita har hannuna ya sage. Da ta juya su ta sake rufewa, wani ƙamshi ya tashi wanda ba na suya ba ne, ba kuma na banda ba, ya fi kama da na gurasar da ta fito daga tanderu.

Bayan la'asar aka ba ni kwanon na kai zaure. Baba yana kishingiɗe a tabarma, ko ɗagowa bai yi ba. Na ajiye na koma wurina a bayan zana. Shiru, shiru, har na fara zana ɗaki a ƙasa da tsinke. Can sai na ji ƙurus. Na waiga tsakar gida, na ga Inna ta tsaya cak da ludayi a hannu. Aka sake yin ƙurus, sannan ƙarar ta ci gaba ba tsayawa, kamar akuya ta sami ƙaiƙayin masara. Ba wanda ya yi motsi a gidan, har yayana da ke gyaran ƙugiya ya ajiye. Da ƙarar ta ɗauke, sai muryar da na saba ta ce, "Auta." Na shiga da sauri na ɗauko kwanon, na ji shi sakayau. Na ɗaga murfi tun kafin in fita. Babu komai. Ko garin ƙanzon da ya zube an bi shi da yatsa an lashe.

Ni da na daka, na yi fifita, na haƙura ban ɗanɗana ba don na san rabona yana zuwa, sai kawai na ɓare baki. Tun da na yi wayo ba a taɓa yi mini haka ba. Inna ta karɓi kwanon ta leƙa, ta kifa shi ta girgiza, sannan ta zauna a kan turmi tana dariya hawaye na zuba, tana sharewa da bakin zane. Ta jawo ni jikinta ta ce, "Yi kukanki, ɗiyata. Wanga kuka shi nika jira tun watan jiya." Daga zaure Baba ya ce, "Auta, yau na ci haƙƙinki, ki yahe mini." Sannan cikin jin kunya ya tambayi Inna ko akwai saura.

Babu saura, kuma a kan rufi 'yan ƙanana ne kawai suka rage. Amma labari ba ya kwana a unguwarmu. Da safe maƙwabciyar nan da ta kira abin ɓarna ta miƙo ɗanyun kabushi uku ta kan danga, tana cewa, "A gaishe da mai jiki." Bayanta wasu suka aiko. Shekarar nan gidaje da yawa a layinmu sun yi ƙarancin miyar taushe saboda Baba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi gori ba. Daga gasasshen kabushi bakinsa ya buɗe, ya koma karɓar tuwo, ya koma karɓar kifi. Kafin sanyi ya shiga sosai, na bi shi bakin gulbi na riƙe masa ƙwarya yana kwashe ruwa daga jirginsa. Tun daga ranar kuma ya canza tsari: kafin ya kai loma baki, sai ya fara ware nawa a murfin kwano, wai kada a sake yin shari'a.

Yanzu ina zaune a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ina da murhun gas mai gidan gashi da ƙofar gilashi, ba rairayi, ba fifita. Kwanakin baya babbar 'yata ta nuno mini a waya yadda Turawa ke gasa wani dogon koren abu da suke kira zukini, ta ce in gwada, sabon salo ne. Na duba da kyau, na ga ɗan'uwan kabushinmu ne, har gishirin da matsewar duk suna nan. Na yi dariya har ta tsargu. Na yi musu, da ƙanzo na kuma yi, ya fito ƙamas-ƙamas. Inna tana wurinmu a lokacin, ta zo ganin likitan ido. Haƙoranta sun ƙare, ba ta iya taunawa, sai ta riƙe guda a hannu, ta karkata kai tana sauraron jikokinta suna ƙurus-ƙurus, tana murmushi.

Baba ya rayu har ya aurar da ni, har ya bar wa wannan 'yar tawa suɗi kafin Allah ya karɓi abinsa. Iya Titi ta koma garinsu da tsufa, ban samu na gode mata da bakin babba ba, sai dai addu'a. 'Ya'yana kowa da farantinsa yake ci a gaban talabijin, in na rage wa autana loma sai ya ce shi a zuba masa nasa sabo. Ba na jin haushi, ƙoshi ne ya kawo haka, kuma na gode wa Allah. Sai dai wani lokaci in na ɗaga murfin kwano nakan tuna bayan zanar nan, da yarinyar da ta yi kuka don an hana ta loma ɗaya, ba ta san an ba ta uba na shekaru masu yawa ba. An yi mini kyauta iri-iri a duniya, amma babu wadda ta kai kwanon nan da ya dawo wayam.