Gawon da ya tona mini asiri

Ƙannena, ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. Na yi lakwal, wato karatun boko, a Dogon Dutsi, kuma a unguwarmu babu wanda ya kai ni iya taɓa salula. Mutane suna yabona, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Ta haka na san wata ƙungiya ta masu kuɗin kirifto, kuɗin nan na intanet. Ba ta da shugaba, ba ta da ofis. Mambobinta suna warwatse a duniya, su haɗa taimako, su jefa ƙuri'a kan aikin da za a yi. Na roƙa wa rugar Arɗo Bello rijiya, domin matan rugar suna yin rabin yini kafin su kawo ruwa. Aka amince, aka naɗa ni mai ba da rahoto.

Tsarin mai sauƙi ne. Akwai manhajar da ake saka hoton aiki, ita ke rubuta rana da wurin da aka ɗauka. Mambobi su duba, su yarda, sannan a saki kuɗin kason aiki na gaba. Abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan, ba mai iya gogewa.

Rahoton farko gaskiya ne. A na biyu mahaƙa suka makara, lokaci ya matse ni, sai na ɗauki hoton wata rijiya daban, na yi wa salula dabara ta nuna wurin rugar. Na ce sau ɗaya ne kawai. Da na ga ya wuce salin-alin, sai zuciyata ta buɗe. Na sallami mahaƙa, na sayi babur, na fara cin balangu a tasha ana ce mini patoro, wato maigida. Ramin rugar kuwa bai wuce gaba uku ba.

Arɗo ya zo har Dogon Dutsi a kan jaki ya same ni. Ya ce, “Ɗana, ina labarin rijiyarmu?” Na ce, “Baba, nasaru ne sunka riƙe kuɗɗin.” Ya ce Allah shi kyauta, har ya bar mini ƙwaryar nono. Na sha, ban ji komai ba.

Rahoton ƙarshe ya faɗo tsakiyar damina. Ina da hoton wata kyakkyawar rijiya da na ɗauka tun rani. Na zauna na gyara shi, na shimfiɗa ciyawa kore a ƙasa, na ɗora hadari a sama, na sauya rana. Bayan rijiyar akwai wani babban gawo cike da ganye. Na bar shi, har ina murna ya ƙara wa hoton kyau.

Kwana biyu sai ga saƙo a ƙarƙashin rahoton, da Hausa tsantsa. Wata mamba ce, Malama Rabi, ƴar Gesheme da ke karatu a waje. Ta rubuta, “Malam, yaushe gawon Arewa ya hwara ganye da damana?”

Kowane yaro a ƙasarmu ya san gawo da rani yake ganye, da damina tsirara yake tsayawa. A ƙarƙashinsa na girma ina tsinta wa awaki ƴaƴansa. Na yaudari na'ura, na yaudari mutanen ƙasashe da yawa, itacen gonar ubana ya kama ni.

Rabi ta tura yayanta rugar, ya tarar da rami cike da ruwan sama da kwaɗi. Arɗo ya kai ƙara, jandarma suka zo. Na yi shekara biyu a kaso. A can na ji cewa ranin da ya biyo baya rugar ta tashi neman ruwa, shanun Arɗo da dama suka mutu a hanya. Wannan labari ya fi ɗaurin yi mini ciwo, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar shari'a.

Da na fito ban nufi gida ba, rugar na nufa, a ƙasa. Na tarar sun dawo tsohon mazauninsu, na durƙusa gaban Arɗo. Ya dube ni ya ce, “Mi kaka so?” Na ce, “Baba, ramin ga nika so in ƙarasa.” Ya ce, “Baki ya yi nashi, mu ga hannu.”

Na rubuta wa ƙungiyar komai da sunana, a ƙarƙashin rahoton ƙaryata, wanda har yau yana nan. Rabi ce ta tsaya mini, amma da sharaɗi: kuɗi su tafi hannun mahaƙa kai tsaye, kowane hoto kuma sai da muryar Arɗo da ta matan rugar suna shaida. Aka yi ƙuri'a, na tsallake da kyar.

Na shiga rami tare da mahaƙa. Hannun da bai san komai ba sai shafa gilashi ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Wata uku muna ciki. Wata safiya a ƙarshen rani na kafa diga sai na ji ƙasa ta yi sanyi, laka ta kama mini yatsun ƙafa. Na ɗaga kai na ce, “Ruwa!” Guɗar matan nan har yanzu tana kunnena. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau ƙungiyar ni take turo wa hotunan ayyuka in tantance, domin na san duk inda maƙaryaci yake ɓoye hannunsa. Rijiyoyi uku muka ƙara, ba wadda ba a sha ruwanta.

Ƙannena, idan aka ba ku amana ta cikin salula, ku tuna akwai mutum a ƙarshenta yana jiran ruwa. Kada ku ce sau ɗaya ne, daga nan na fara. In aiki ya makara, ku rubuta ya makara.

Gugan farko da aka jawo daga rijiyar rugar ranar nan, Arɗo ya hana kowa taɓawa. Ya cika ƙwarya ya miƙo mini, ya ce, “Waccan ta nono ka sha ta da ƙarya. Sha wagga.”