Ranar da Yayata ta dangwala da kanta

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, son doka ya kama ni kamar zazzaɓi. Akwai wata lauya da ke shiri a rediyo kan haƙƙin mata a asibiti, ba na fashin ji, har lambarta na kwafe. A gida "Barista" ake ce min, kuma wallahi ba yabo ba ne.

Wata Laraba da hantsi aka kira mu, wai an kawo Yayata asibiti a Dutse daga Aujara. Ni da mahaifiyata muka garzaya. Cikin wata biyu gare ta. Likita ya ce cikin a wajen mahaifa ya zauna, ya fashe, jini na zuba mata ta ciki. In ba a yi aiki an cire ba, shi ba zai ce za ta kai la'asar ba.

Nas ta fito da takarda. "Ina mijinta?"

Mijin direba ne, ya ɗauki tattasai daga Ringim ya yi Kudu, waya ba ta shiga. Sai mahaifinsa, Baba Malam, wanda ya rako ta. Nas ta miƙa masa biro, ya mayar da hannu baya.

"Cikin nan na ɗana ne. Ba zan sa hannu a zubar masa da ciki ba ya nan ba. A jira shi."

Nan fa Barista ta tashi. A gaban jama'a na ɗaga murya: "Baba, doka ta yarda a cire ciki in ran uwa na cikin haɗari!" Ko kallona bai yi ba. Sai ya juya ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, wannan taki ce?" Ya koma benci ya zauna, ya ciro carbi. Na gama ɓata lamarin.

Na fita na kira lauyar. Sai a karo na uku ta ɗauka. Ina ta zuba, ta katse ni.

"Ƙanwata, tsaya. Babba ce? Tana cikin hayyacinta? To ita wa ya tambaye ta?"

Na ce mata babu.

"Sa hannunta ya isa. Ba ni nas ɗin."

Nas ta ce su dai sun saba da na miji, amma ta leƙa ta tambayi likita, ya ce a yi maza. Muka ɗunguma ɗakin, Baba Malam ya tsaya bakin ƙofa. Yaya na kwance, leɓenta ya yi fari fat.

"Baiwar Allah, kin yarda a yi miki aiki a cire?"

Yaya ta kalli ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Shiru. Shekara tara tana gidansa, bayan gaisuwa ba ta taɓa haɗa magana a gaban surukinta ba, balle maganar ciki.

"Kun gani," in ji Baba Malam. "Ita ma ba ta so."

Nas ta fara naɗe takardar. Na buɗe baki, mahaifiyata ta taka min ƙafa. Ta je gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Malam, ga shi ana kiran azahar. Ko za ka taimaka ka je ka sa mana ita a addu'a?"

Ya daɗe yana kallon mayafin nan. Sai ya ce, "To, Hajiya," ya juya.

Ƙarar takalminsa ba ta gama ɓacewa ba Yaya ta yaye fuska. "Ku kawo. 'Ya'yana uku na gida." Ba ta iya riƙe biro ba, sai da yatsa ta dangwala.

Ta fito lafiya. Washegari da mijin ya samu waya, cewa ya yi, "Me aka tsaya jira?" Baba Malam kuwa daga baya ya faɗa wa mahaifiyata shi ma ya san ran uwa ne a gaba, nauyin shiga hurumin ɗansa ne ya danne shi.

Ni da na haddace doka, a zatona in na faɗe ta da ƙarfi shi ke nan. Har yau ina karanta ta, ina kuma raka mata asibiti. Amma yanzu kafin a tambayi mace ko ta yarda, sai na fara duba wa ke tsaye a bakin ƙofa.