Ranar da Malam Bayani Ya Goge Kundin Matarsa

A layin masu gyara, shagonsa ne na huɗu, tsakanin tela da mai walda. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, Malam Bayani kowa ke ce masa. Da gyaran rediyo ya fara, ya bari don ta yi masa sauƙi. Ya koma talabijin, ya koma waya, ya taɓa koyarwa zango ɗaya, har shugaban makarantar ya lura darasin minti arba'in yana kai yara la'asar. Daga nan ya tsaya a kan kwamfuta, in dai tsayawa za a kira abin, don ba a taɓa ganinsa minti biyar a kujera ba.

Gyara kam ya iya. Sai dai ba ya ba ka kayanka sai ka fahimci abin da ya same su. Zai gyara cikin minti goma, sannan ya tsare ka awa guda a gaban makunnin fitila, yana kunnawa yana kashewa. "Ɗaya. Sifili. Ɗaya. Abin da ke cikinta ke nan kaf. Hoton 'ya'yanka ma makunnai ne birjik, wasu a kunne wasu a kashe." Ƙwan fitilar shagon ba ya yin wata biyu.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce mai ƙaro karatu. Shekara guda ta yi tana rubuta kundin kammalawa, tsakanin aikin asibiti da wankin yara. Ranar Laraba da ƙarfe biyu za a rufe karɓa, wanda ya makara sai baɗi. Da safe ta ajiye masa tsohuwar kwamfutarta, za ta biyo da sha biyu ta kai wurin bugawa.

"Caji kawai, Baban yara. Kada ka koya wa kowa komai da ita."

Ya ce haba.

Wajen sha ɗaya tela ya leƙo aron filaya, kuma bakinsa ya ja masa. "Wai Malam, in aka goge abu a na'ura, ina yake zuwa?"

Malam Bayani ya miƙe. Ya duba hagu da dama, duk kwamfutocin shagon a farke suke, hanji a waje. Guda ɗaya ce a kunne, ta matarsa.

"Zo nan. Ka ɗauka cikinta katafaren gida ne mai ɗaki dubu dubu, a ƙofa akwai rajista: wane yana ɗaki kaza. In ka ce goge, ba ta korar kowa. Sunan kawai take sokewa a rajista, ta rubuta ɗakin ba kowa. Mutumin yana nan kwance abinsa, sai ranar da aka turo sabon baƙo ya hau kansa. Tsaya ka gani."

Ya buɗe sabon fayil na gwaji, ya rubuta kalma biyu, ya adana. Idonsa na kan tela, hannunsa na kan aiki. Ya danna, ya goge, ya shiga kwandon shara ya zazzage shi, don darasi ya cika.

"Ka gani? Ya tafi, amma bai tafi ba."

Tela ya miƙa wuya. "Ai ga shi nan, Malam. Bai ma fara tafiya ba."

Fayil ɗin gwaji yana nan daram. Maƙwabcinsa, kundin matarsa, ne babu.

Malam Bayani ya zabura. Ya kife kwamfutar ya zare batir, don na'ura muddin tana kunne tana ta 'yan rubuce-rubucenta, kuma kowane ɗaki ta ga an ce ba kowa, nata ne. Ya kwance ta, ya ciro faifan ajiya, ya jona da tasa, ya sa manhajar da ke bi ɗaki ɗaki tana ƙwanƙwasawa ba tare da duba rajista ba. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara jan ciki. Ya fita ƙofa, ya dawo. Ya share teburin da ya riga ya share. Ya roƙi mai walda ya dakata kada wuta ta girgiza, mai walda ya tambayi dalili, karo na farko a tarihin layin Malam Bayani ya ce babu lokacin bayani.

Sha biyu da kwata ta shigo da farar rigar aiki. Ta ga kwamfutarta a rigingine, sukurori a cikin murfin kwalba.

"Maman yara, ki ɗauka wani katafaren gida ne..."

"Ka goge."

"Sunan ne kawai aka soke."

"Farfesa, allurai ne a jakar nan. Yi magana kamar mutum."

Ya yi. Ta zauna a kan wata matacciyar talabijin, ta ɗora agogonta a gwiwa tana kallo.

Sha biyu da rabi manhajar ta gama. Ta dawo da fayil dubu uku da ɗoriya, kuma da yake sunaye a rajista suke, ko ɗaya bai zo da suna ba, sai lambobi. Ya ware na rubutu, suka rage ɗari biyu da wani abu. Ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ita tana cewa ba shi ba, tela yana soke lamba da allin ɗinki a jikin ƙofa. Takardar neman hutu. Jadawalin aiki. Wata wasiƙa da ta taɓa rubuta wa hukumar asibiti ba ta aika ba, wadda tela ya so a ɗan tsaya a kanta.

Ɗaya da minti goma tela ya ce, "Hajiya, wancan mai tebur-tebur fa?"

Shi ne. Ta ture mijinta ta bi shi babi babi, leɓenta na motsi. Na ɗaya zuwa na biyar duk suna nan. Amma kwafin shekaranjiya ne, abin da ta ƙara jiya bai dawo ba.

"Me kika ƙara?"

"Shafin godiya. Rabinsa kai ne."

A wurin bugawa ta ja kujera ta sake rubuta shi da yatsa biyu, injin yana ta fitar da sauran shafukan. Ya tsaya a bayanta yana sauya ƙafa, yana karantawa ta saman kafaɗarta. Ta gode wa Allah, ta gode wa malamar da ta duba aikin, da iyayenta, da abokan aiki, da wani tela mai kaifin ido, da sauransu.

"Ni fa?"

"Kana cikin sauransu. Riƙe min jakar nan, saura minti ashirin."