Ɗigon Jan Farcen Yaya Sule

Bana shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Sule makwancinsa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai wata tambaya da na taɓa yi masa ta faɗo mini a rai, in ajiye. Bana dai na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na rubuta, domin akwai sunan mutumin kirki da aka yar a ƙasa, kuma ina cikin waɗanda suka taka shi suka wuce.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aikin gwamnati na yi har na yi ritaya, shi ya sa yake kira na Akawu. Shi kuwa ya kama wata sana'a da ko bayaninta wuya take yi. Gyaran murfin tafkin iyo yake yi, irin tafkunan nan da masu hali ke ginawa a bayan gidajensu a Malali da Unguwar Rimi. Murfin wani tamfol ne mai kauri, a naɗe jikin dogon bututu a ƙarshen tafkin. In an murɗa makulli sai inji ya ja igiya biyu da ke bi ta cikin kwarin ƙarfe a gefe da gefe, tamfol ya shimfiɗu ya rufe ruwan ruf. Yana hana datti shiga, amma babban aikinsa shi ne hana yaro faɗawa. 'Yan'uwa kan yi wa Yaya tsiya, su ce mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba shi ne ya zama sarkin ruwan masu kuɗi. Sai ya ce ai shi ya sa yake tsoron ruwan, waɗanda suka iya ne ke wasa da shi.

Ban taɓa ganin mutum marar yarda da abu irinsa ba. In inji ya yi ƙara, ya ce da matsala. In ya yi shiru, ya ce shirun nan bai kwanta masa ba. Na bi shi aiki sau ɗaya, na rantse ba zan ƙara ba. Ya gama gyara tun hantsi, amma sai da ya buɗe ya rufe sau uku, ya durƙusa ya kasa kunne jikin kwarin ƙarfe, ya bi igiya da yatsa tun daga farko har ƙarshe yana neman inda ta fara cinyewa. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a kan tamfol don ya ga ko ɗan famfon da ke zuƙe ruwan sama zai tashi. Ina tsaye a rana, yunwa na ci na, shi ko a jikinsa.

Bayan duk wannan sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. Jan farce ne na mata. Kowane noti da ya ɗaure sai ya ɗiga masa, rabin ɗigon a kan notin, rabi a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. In wani ya juya notin bayan tafiyarsa, ɗigon zai tsage. Da farko na 'ya'yansa mata yake sacewa, har matarsa, Yaya Rabi, ta gaji da shari'a ta ce ya je kasuwa ya sayi nasa, gemu-gemu da shi. Ranar da na yi masa dariya cewa ya yi, "Akawu, ku kuna buga hatimi a takarda. Ni ga nawa hatimin."

Yau in na ga abin da ake yi sai in ce ko me Yaya zai ce. A zamaninsa makullin ba ya tsayawa da kansa. Dole ka riƙe shi a murɗe, kana tsaye kana kallon ruwa har murfi ya kai ƙarshe, kuma ya sha faɗa wa masu gida cewa da gangan aka yi shi haka. Kwanan baya wani ɗan abokina ya nuna mini a wayarsa yadda yake rufe tafkin gidan gonarsa da ke hanyar Rigachikun, shi kuwa yana zaune a ofis yana shan shayi. Na tambaye shi wa ke duba ruwan kafin ya danna. Ya ce ai na'urar tana da wayo. Ni dai ban yarda da wayon da ba shi da ido ba, kuma na san da Yaya na nan da sai ya karɓi wayar nan ya jujjuya ta yana neman inda zai ɗiga mata jan farce.

Abin da ya karya shi ya faru ne shekara biyu kafin rasuwarsa, a gidan wani Alhaji a Malali da ba zan ambaci sunansa ba. Kwana huɗu bayan Yaya ya yi wa murfin gidan gyara, murfin ya karkace, ya bar kafa kamar kamu ɗaya a kusurwa. Jikar Alhaji, yarinya 'yar shekara huɗu, ta taka bakin tamfol ta zame ta shige ƙarƙashi. Duk wanda ya san aikin nan ya san babu abin da ya fi wannan muni, don ba a ganin wanda ke ƙasa. Allah ya sa da sauran kwananta. Mai kula da lambun gidan, Tanko, ya ji motsi, ya yanke tamfol da almakashin aske fulawa ya ciro ta.

Aka aika aka kira Yaya. Ya tarar da gida a cike, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa tukuf, tana rungume da yarinyar tana kuka, Tanko kuma na gefe a jiƙe sharkaf. Yaya ya buɗe akwatin inji, ya duba notin da ke riƙe igiya, ya ce, "An taɓa." Alhaji ya daka masa tsawa ya ce wa ya taɓa. Yaya ya dubi mutanen da ke wurin, bai kama sunan kowa ba. A gaban jama'a aka ce masa ya tattara sufanunsa na ɗaure noti ya fita, kuma ya gode wa Allah ba a haɗa shi da hukuma ba.

Masu irin waɗannan gidaje duk sun san juna. Kafin wata ya zagayo wayar Yaya ta daina ƙara. Mutumin da ake layi a kansa ya koma gyaran famfon rijiya a Rigasa. Bai yi ƙorafi ba, amma ya rame, kuma ya daina zaman hira a ƙofar gida.

Ga inda nawa laifin yake. Wata rana bayan la'asar ya zo gidana a Unguwar Dosa, muna zaune a benci, na ce masa, "Yaya, tsakaninka da Allah, ko dai ka manta ba ka ɗaure notin nan ba?" Ya dube ni ya ce, "An taɓa, Akawu." Na ce to wa ya taɓa. Ya sa takalminsa ya yi mini sallama. Ni kuwa da tunanina na ofis na yanke hukunci a raina. A wurinmu, in fayil ya ɓace, wanda ya kasa faɗin hannun da ya karɓa shi ne ya ɓatar. Na ce tsufa ya fara kama Yaya, girman kai kuma ya hana shi amsawa. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka, kuma da wannan zaton a zuciyata na bi sahu na yi masa salla.

Bayan sadakar bakwai Yaya Rabi ta ba ni akwatin kayan aikinsa in ajiye. A ƙasan akwatin na tarar da wani ƙulli a leda, an ɗaure shi tamau. Na kwance, sai ga gutsattsarin busasshiyar kuɓewa da 'ya'yan barkono, baƙi ƙirin da giris. Na ce da walakin, goro a miya. Har na raya a raina ko wani magani ne aka ba shi na farin jinin sana'a da abubuwa suka tsaya masa. Kun ji irin zaton da nake yi wa ɗan'uwana. Na mayar da ƙullin na rufe akwati.

Watan jiya aka yi sallama da ni. Na fito na ga dattijo da 'yar jakarsa, ya ce shi ne Tanko. Nan take na sha jinin jikina. Na ce a raina lalle murfin Alhaji ya sake lalacewa, an rasa mai gyara, an turo shi ya lallaɓa ya ji ko Yaya ya bar wani da ya koya wa aiki. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Na ba shi tabarma, na zauna ina jiran ya gama gaisuwa ya fito da buƙata.

Abin da ya fito da shi daban ne. Ya ce tsohuwar gidan ta rasu, shi ma ya ajiye aiki zai koma ƙauyensu, kuma ba ya son ya tafi da kaya a wuyansa. Ya ce tun da aka kawo tsohuwa daga ƙauye ta ga tamfol ɗin nan shimfiɗe, fili fetal, ga rana, ga tsabta, babu akuya, ta ce ba ta taɓa ganin wurin shanya irinsa ba. A kai take baza kuɓewarta da barkono da tumatir, jikar kuma na biye da ita tana korar mata tsuntsaye, har yarinyar ta saba taka murfin kamar tsakar gida. Yaya ya roƙe ta sau biyu ta daina, ya nuna mata abin da yake tonowa daga cikin kwarin igiya, ta ce masa tun kafin a haifi uwarsa take shanya. Bayan gyaran ƙarshe kuɓewa ta sake cushe kwarin, murfi ya cije. Tsohuwa ta ce kada a kira mai jan farcen nan ya zo ya yi mata wa'azi. Tanko ya ɗauki sufana ya sassauta notin igiya da hannunsa, murfin ya tafi, amma a karkace.

"Ranka ya daɗe," in ji Tanko, "ranar nan da ya ce an taɓa, ni ya kalla. Ya kalli Hajiya tsohuwa da yarinya a hannunta, ya sake kallo na ina ɗigar ruwa. Wallahi ya sani. Ina da 'ya'ya shida a lokacin."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin nan na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Ashe shaidarsa ce Yaya ya ajiye, a hannunsa take tun ranar farko, kuma bai nuna wa kowa ba, har ni. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ci gaba da jiran buƙatar da na zata, ba ta zo ba. Abu ɗaya Tanko ya roƙa, in raka shi maƙabarta. Muka je, na nuna masa wurin iya abin da na iya tunawa, ya yi addu'a ya kama hanyar tasha.

Game da Alhaji kuwa, har yanzu zuciyata ba ta wanke shi ba. Tagar ɗakinsa na bene tana kallon tafkin nan kai tsaye. Mutum zai yi wata da watanni yana buɗe labule bai ga jan barkono a kan shuɗin tamfol ba? Ina ganin ya sani sarai, ya auna tsakanin ɓacin ran mahaifiyarsa da sunan wani mai gyara, ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi. Tanko ya ce ya faɗa masa komai kafin ya bar aiki, abin da Alhajin ya ce kawai shi ne Allah ya jiƙan Sule. Amma fa na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya buɗe baki a kan wannan. Laifi tudu ne, na daɗe ina tsaye a kan nawa.

Na yi ta auna bambancin da ke tsakanina da wana. Dukanmu masu zargi ne, haka aka haife mu. Shi igiya yake zargi, da noti, da ruwa, don kada ɗan wani ya mutu. Ni kuwa shi na zarga.

Akwai rijiya a tsakar gidana mai murfin ƙarfe. 'Yan makonni bayan na yi masa tambayar nan, ɗiyata ta zo hutu da 'ya'yanta ƙanana. Ina ofis Yaya ya zo, ya canja wa murfin hinjin da yake buɗewa a kai, ya sa masa sakata, ya tafi bai jira ni ba. Ban ma yi masa godiya yadda ya kamata ba. Ranar da na dawo daga raka Tanko na durƙusa a bakin rijiyar na goge ƙasar da ke kan notunan da gefen rigata. Guda huɗu ne, kowanne da ɗigonsa. Rana ta cinye jan ya koma ruwan ƙasa, amma babu wanda ya tsage. Na daɗe a durƙushe a wurin, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne ya faɗa ciki.

Yarinyar nan tana nan da ranta, an ce tana sakandare. Tanko ya aurar da 'ya'yansa. Tsohuwa ta koma ga Mahaliccinta ba tare da an nuna ta da yatsa ba. Duk wannan da sunan Yaya aka saya, kuma bai taɓa neman canji ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini. Ku kuma mutanen Malali da Unguwar Rimi da kuka daina kiran wayarsa, ga amsar tambayar da na yi masa a kan benci, na kawo muku ita a makare da shekara tara. Yaya Sule bai manta ba. An taɓa.