Ƙarfen da Baba Ke Kira Rai

A gidanmu na Arlit, can unguwar bukkoki ta bayan gari, akwai wani ƙarfe da muke zama a kai. Tsawonsa ya kai mutum biyu a kwance, sai da maza shida suka taru kafin a sauke shi daga kamyo, babbar motar kaya. Baba lebura ne a ma'aikatar yuraniyom. Ya ce a harabar ma'aikata aka tumɓuke ƙarfen, inda wasu ƙananan taragu ke bi ta kansa a da, aka jefa shi cikin tarkacen da ake barin leburori su ɗiba kyauta. Niyyarsa ya tokare rufi da shi in Allah ya ba shi ikon gina ɗakin ƙasa. Ginin bai samu ba. Ƙarfen ya zauna tsakar gida gefen murhu, ya zama kujerarmu ni da ƙanwata Rabi.

Sunansa kaɗai ya isa tada gardama a gidan. Baba da abokan aikinsa rai suke ce masa, don haka sunan ke fita a Faransanci. Iya kuwa, mahaifiyar Baba, wadda ta baro Damagaram ta zo riƙonmu bayan rasuwar mamarmu, ba ta son jin wannan ko kaɗan.

"Ku ɗaga daga kan rai ɗin nan in ɗaure akuya," in ji Baba.

Sai Iya ta ɗago kai daga tankaɗe. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Kai, bar kiran ƙarfe rai a gidan nan. Rai na Allah ne. Wannan dogo ne. Na gan shi da idona a Kano tun kana goye."

"Iya, haka Nasara ke ce masa."

"To su je can su ce."

Mu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, har yau ma babu shi a garinmu. Dogon da muka sani shi ne Dogo mahauci na bakin kasuwa, wanda sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa. Ranar da Iya ta ce mana Dogo ne ya tafi da kakanmu bai maido shi ba, Rabi ta yi wata guda ba ta gaida mahaucin nan. In mun wuce sai ta murguɗa masa baki, shi kuma bawan Allah ya rasa laifin da ya yi. Sai daga baya muka gane: kakanmu ya kai gyaɗa Kano, ya hau jirgi ya yi kudu wai zai ga inda ake kai ta, ba a sake jin labarinsa ba.

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i Iya ke ƙara itace a wuta. Bakin ƙarfen da ke kusa da murhu yakan ɗauki ɗumi, kuma a kan wannan wurin muke faɗa kullum. Iya ce ke raba mu. "Hadiza, ke ce babba, bar mata." Sai Rabi ta kwanta ruf da ciki ta manna kuncinta a jikinsa tana yi mini gwalo. Iya ta gyara mayafi ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta iso mu ji."

Tana da na Gizo da na kura kamar kowace tsohuwa, amma wadda ta fi yi mana ita ce ta Dogo, kuma ita ce kaɗai take yi fuska a ɗaure.

Wai wani baƙo ne ya sauka a wani gari na manoma. Tsawonsa ya wuce misali. Ya kwanta, kansa a ƙofar gari, ƙafafunsa can inda ido ba ya kaiwa. Ya ce wa mutane, "Ku huta da ɗaukar kaya. Ku ɗora a bayana." Suka ɗora buhun gyaɗa, buhun ya sulale ya bi bayan nan ya ɓace. Da yamma Dogo ya miƙo wa mai buhun kwano mai ƙyalli, irin wanda ba a taɓa gani ba. Kafin mako ya zagayo kowa na tururuwa, wannan da gyaɗa, wancan da gero. Samari suka riƙa hawa bayan don su ga ƙarshensa, su ma suka sulale.

A garin akwai wata yarinya, Kande. Wata rana ta tsaya daidai kunnen baƙon, gaban dattawa, ta ce, "Baƙo, me ya sa bayanka gefe ɗaya yake gangarawa? Kuma ina yayyenmu?"

Nan Iya ke sauya murya ta yi ta dattawa, mai kauri, tana kaɗa yatsa. "Ke! Wa ya haife ki? Ana tambayar baƙo? Mutum ya ba ku kwano kyauta ki tsare shi da tambaya?" Suka zane ta, suka tura ta wurin gwaggonta a wani ƙauye don kada ta sake kunyata su.

Bayan shekaru Kande ta dawo ta tarar Dogo ya tashi ya tafi. Rumbuna wayam. Ƙasa ta gaji ba ta ba da komai. Tsofaffi na zaune ƙofar gida, kowa riƙe da kwano mai ƙyalli, babu abin zubawa a ciki.

"Na sauke ta nan," in ji Iya, "mai so ya ɗauka."

Kullum sai mun yi ƙorafi. "Iya, ba a kashe Dogon ba?"

"Wa zai kashe shi? Mutum ɗaya ta buɗe baki, sun kore ta." Sai ta tsokani wutar da ƙarfi har tartsatsi ya tashi. Yawanci a lokacin Rabi ta riga ta yi barci a kan ƙarfen, sai an ciccibe ta.

Rabi na da shekara goma sha ɗaya ta fara haɓo. Jini ya tsinke mata ta hanci tana cikin aji a lakwal, makarantar boko, ya ƙi tsayawa. Daga nan sai kasala, sai tabo baƙi-baƙi a ƙafafu ba tare da ta bige ba. Baba ya kai ta asibiti sau ba adadi. Wannan ya ce ƙarancin jini ne, wancan ya ce zazzaɓi ne ya daɗe. Baba bai taɓa cewa, "Me ya kawo shi?" ba. Yakan karɓi takarda da hannu biyu ya yi godiya. Wata bakwai ta yi tana jinya. Iya ba ta sake yin tatsuniya ba bayan an kai Rabi makwancinta, kuma ita ma ba ta cika shekara biyu ba ta bi ta.

Ina da shekara goma sha tara wasu mutum biyu suka shigo unguwarmu suna bi gida-gida da wani ɗan akwati mai ƙara. Sun ce suna duba tsofaffin ƙarafan da suka fito daga ma'aikata, ko akwai gubar yuraniyom a jikinsu. Suka kara shi a tukwanenmu, a ƙyauren ɗaki, yana 'yar ƙara ɗaya-ɗaya. Da mai riƙe da shi ya matsa kusa da kujerarmu, akwatin ya ɓarke da kuka kamar gyare. Mutumin ya ja da baya taku biyu, ya kamo hannun rigar abokinsa ya janye shi ma.

Wannan ja da bayan ne ya tsaya mini a rai har yau. Ƙato, da takalmi da safar hannu, bai iya tsayawa minti ɗaya kusa da abin da ƙanwata ta manna wa kunci shekara da shekaru ba.

"Malam, tun yaushe yake nan?" ya tambayi Baba.

"Ya haura shekara goma."

Ban san lokacin da na fito daga bayan turmi ba. Na ce, "Ku fa, tun yaushe kuka sani? Wa ya buɗe ƙofa ya ce a ɗiba? Ƙarfen nan ne ya kashe mini ƙanwa?"

Mutumin ya dubi abokinsa. Baba ne ya daka mini tsawa. "Hadiza! Baƙi ne. Shiga ɗaki."

Kuma na shiga. Wannan ma ban yafe wa kaina ba. Washegari suka dawo da kamyo, fuskokinsu a rufe, suka ɗauke ƙarfen har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Daga cikin ɗaki na ji Baba yana yi musu godiya, yana cewa Allah ya saka da alheri.

Har gobe ban sani ba ko ƙarfen ne. Mai yiwuwa ciwon zai zo mata ko da a kan tabarma ta girma. Amma akwai waɗanda ke da akwatin awo tun kafin a haife mu, akwai wanda ya san abin da ƙarfen nan ya daɗe yana sha a harabar can, aka bar shi ya fito da sunan kyauta. Ba wanda ya zo ya zauna ya faɗa mana gaskiya, ko da mai ɗaci ce. Baba ya tsufa da abin a cikinsa. Sau ɗaya kawai ya taɓo maganar, yana kwance ciwon ajali. Ya ce, "Ni na yi ta roƙo aka bar mini shi. Har murna nake yi na riga wasu." Na riƙe hannunsa, na kasa ce masa ba komai, don akwai komai.

Na daɗe ina jin haushin Iya ma. Ita da ta san labarin Kande, me ya hana ta tambaya? Sai da na girma na ga cewa ita ma kunyar nan aka shayar da ita. Mijinta ya ɓace ba ta samu wanda za ta tsare ba. Fushin da ba ta da inda za ta kai shi da rana, shi take zuba mana a bakin wuta, ko wata cikinmu za ta fi ta baki.

Yanzu ina da 'ya'ya mata biyu, kuma surukata na yawan cewa ban koya musu kunya ba. Watan jiya na kai ƙaramarsu asibiti da ciwon ciki. Lokotoro ya rubuta magani ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba. Yarinyar ta ce, "Me ke damuna? Kuma wannan maganin me zai yi mini?" Matan da ke layi suka fara salati, wata ta ce, "Ji 'yar nan da baki!" Lokotoron ya yi murmushi ya ce mai bi ta shigo.

Ban tashi daga kujerar ba. Na ce, "Lokotoro, ba ka ba ta amsa ba. Muna jira."