Zaren da Nake Ɗaura wa Dayod

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran cajar batir yake yi a zaurenmu na Angwan Iya. Shi ya nuna mini dayod, wani ɗan baƙin abu mai ƙafafun waya biyu. Ya ce wutar lantarkin gida kai-komo take yi, batir kuwa ba ya shan irin wannan, sai dayod ya tare ta, ta bi hanya ɗaya. Akwai farin layi a gefe guda na jikinsa, in aka juya shi aiki ya ɓaci.

Da idonsa ya yi rauni sai ya daina ganin layin. Ya juya dayod ya ƙona cajar wani manomi daga Garaku, ya ɗora laifin a kan kayan zamani. Na ce, "Malam, ka je a duba idon nan." Ya ce idonsa garau yake. Mutumin nan akwai taurin kai! Haushi ya ishe ni, na kwashe dayod ɗin duka, na ƙulla zare a ƙafar da ke wajen layin, na mayar da su wurinsu. Ya dawo ya zauna aiki. Sai na ga yatsunsa suna laluben ƙullin kafin ya liƙa.

Daga nan duk sanda ya sayo sababbi, sai in tarar da su a kan keken ɗinkina. Bayan kwana uku da rasuwarsa na ɗaga mayafin keken, na ga leda guda ta sababbin dayod da ya ajiye. Na zauna na ƙulla musu zaren.